Ko Kun Sani? Beli Kafin Kamu

Ko kun san cewa a Indiya, ɗan kasuwar da ya ji ƙishin-ƙishin za a kama shi kan zargin zamba yana iya zuwa kotu ya nemi beli tun kafin 'yan sanda su zo? Dokarsu ta 1973 ce ta buɗe wannan ƙofar.

A Nijeriya babu wannan tanadi da sunansa, duk da cewa kundin Penal Code na Arewa jikan na Indiya ne, ta hannun Sudan. Ɗan kasuwar Gombe da abokin hulɗa ya kai ƙararsa wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC, abin da lauyansa kan yi shi ne ya garzaya Babbar Kotun Jiha ko ta Tarayya neman kare haƙƙi. Sashe na 46 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shi dama ko da barazanar tauye haƙƙin ce kawai. Amma alƙalai ba kasafai suke hana bincike ba.

Abin da mutane da yawa suka jahilta: dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum don bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Sai in da yaudara tun farko, kamar karɓar kuɗin buhunan masarar da babu su. Wanda aka kama kuma, wajibi ne a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu tsakanin kilomita 40.