Daga wuyan ɓera zuwa hannun yaro: Aikin tiyatar da ake yi kafin magani ya iso asibiti

Da zarar damina ta kankama a fadamun Rima, ɗakunan kwantar da yara a Birnin Kebbi da Argungu kan cika da masu zazzaɓin cizon sauro. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aka gwada a Jihar Kebbi na ɗauke da ƙwayar cutar, adadin da ya fi na kowace jiha.

Yaron da ciwo ya yi wa tsanani ana sanya masa kanula a hannu, a ba shi allurar atesunet nan take, a sake bayan awa 12, sannan a awa 24. Gwajin AQUAMAT na 2010 a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya, ya nuna kashi 8.5 cikin 100 ne suka rasu cikin waɗanda aka ba atesunet, alhali masu kwinin sun kai 10.9.

Sai dai kafin magani irin wannan ya shiga jikin ɗan Adam, dole a san tsawon lokacin da yake ɗauka a cikin jini. Atesunet ba ya zama. Cikin mintuna jiki ke juya shi zuwa wani sinadarin, wanda shi ma ba ya daɗewa. Mai son auna irin wannan sai ya riƙa ɗibar jini a kai a kai.

A nan farin ɓera ke shigowa. Mai nauyin giram 250 jininsa duka bai wuce mililita 16 ba, kusan cokalin shayi uku. Idan aka yi ta damƙe shi ana soka masa allura, firgita kaɗai na sauya bugun zuciya da sukarin jininsa, sakamakon ya gurɓace. Shi ya sa ake yi masa tiyata: a sa shi barci, a tsaga gefen wuyansa na dama, a zura siririn bututun roba mai laushi cikin babbar jijiya har kusa da zuciya, a ɗaure da zare. Ɗaya bakin kuma a bi da shi ta ƙarƙashin fata ya ɓullo tsakanin kafaɗu, inda haƙoran ɓeran ba za su kai ba. Ana cika bututun da ruwan hefarin don kada jini ya daskare ya toshe shi. Bayan 'yan kwanaki, da maganin rage zafi, ɓeran na yawonsa ana zuƙar jini ɗigo-ɗigo. Wani masani a Holan, Anton Steffens, ya wallafa wannan dabara tun 1969.

Aiki ne mai son natsuwa da tsafta. Ƙwayar cuta ta shiga bututun, an yi asarar dabba da sakamako. Ribarsa kuwa, ɓera ɗaya na ba da bayanin da a da sai an kashe da dama.

Jami'o'in yankin, daga Aliero zuwa Sakkwato da Zariya, sun saba gwada saiwoyi da ganyayyaki a kan ɓeraye, har da tazargade, ɗan'uwan ganyen da Tu Youyou ta ƙasar Sin ta samo tushen atesunet daga gare shi. Amma galibin binciken kan tsaya ne a ɗura wa dabba jiƙo a duba hanta da ƙoda. Nawa ya shiga jini, yaushe ya fita, ba kasafai ake aunawa ba, domin na'urorin da tsada. Ga shi kuwa wannan awon ne ke faɗin ko cokali ɗaya ya isa ko ya yi yawa.

Su kuwa kwalaben maganin gargajiya da ake tallatawa da lasifika a kasuwanni, ko masu lambar NAFDAC, da yawansu na ɗauke da rubutun cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da ke jikinsu ba.