Wace Bindiga Ce Doka Ta Yarda Magidanci Ya Ajiye A Lafiya?

Da daren ran 21 ga watan Nuwamba na 2020, waɗansu 'yan bindiga suka auka gidan shugaban jam'iyyar APC na Jihar Nasarawa, Mista Philip Shekwo, a unguwar Bukan Sidi cikin garin Lafiya, suka yi awon gaba da shi. Washegari aka tsinci gawarsa ba da nisa da gidan ba. Abin ya girgiza mutanen gari ƙwarai, domin kuwa idan har za a iya shiga gidan babban mutum irin wannan a babban birnin jiha, to ina ga mai sayar da doya ko dillalin riɗi wanda kan kwana da kuɗin ciniki a ɗaka?

Tun daga lokacin nan, duk sa'ad da aka sami labarin fashi ko satar mutane a kan hanyar Akwanga ko ta Makurɗi, ko a ƙauyukan Doma da Awe da Keana, sai maganar mallakar bindiga ta sake tasowa a majalisun hira. Kuma galibi abin da ke ran mai maganar shi ne ƙaramar bindiga, watau fistol ko libarba, wadda zai soke a ƙugu ƙarƙashin riga in zai tafi kasuwa, ya tura ƙarƙashin matashin kai in dare ya yi.

A Amurka wannan zance ne na shiga kanti a zaɓa. Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci cikin 2008 cewa ajiye ƙaramar bindiga a gida don tsaron kai haƙƙi ne na ɗan ƙasa, sa'an nan cikin 2022 ta ƙara da cewa haƙƙin ya haɗa da fita da ita waje. Saboda haka gardamar mutanen can ita ce wace iri ce ta fi sauƙin ɓoyewa, wacce kuma ta fi ɗaukar harsashi. Amma fa a Nijeriya doka ta riga ta yi wa magidanci zaɓi, kuma abin da ya fi so ɗin shi ne ta fi hana shi.

Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yanzu ita ce ginshiƙin wannan al'amari, ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko shi ne na haramtattun makamai, waɗanda ba mai ikon ba da lasisinsu sai Shugaban Ƙasa. A nan ne aka jera igwa da roka da bam da gurneti da bindiga mai sarrafa kanta da bindigogin soja. A cikin wannan jeri ɗin kuma, kafaɗa da kafaɗa da igwa, aka sa fistol da libarba, kowace iri ce, har da ƙirar gida wadda ake ɗura wa albarushi. Mutum zai yi mamakin yadda abin da bai wuce tafin hannu ba ya zauna aji ɗaya da igwa, amma dalilin a fili yake. Doguwar bindiga tana tona kanta, duk wanda ya saɓa ta an gan shi. Ƙarama kuwa tana shiga kasuwa da tasha da wurin taron siyasa ba wanda ya sani. Ɓoyuwar nan da ta sa magidanci ke sha'awarta, ita ce ta sa hukuma ke ƙinta.

Kashi na biyu shi ne na bindigogin da mutum zai iya mallaka da lasisin Sufeto-Janar na 'Yan Sanda, watau bindigar farauta mai baki ɗaya ko mai baki biyu, da raifal ta wasan harbi wadda ba ta soja ba, da bindigar iska. Akwai wani sharaɗi a nan da mutane da yawa ba su lura da shi ba: dokar ta fitar da duk bindigar farauta mai ɗura wa kanta harsashi, ko mai wata na'ura ta ɗuri, daga wannan kashi. Wannan ya sa bindigar nan da ake ja a ɗura, wadda 'yan banga da masu gadi suka fi so, ta daɗe cikin ruɗani. An sha ba da lasisinta, amma cikin watan Fabrairu na 2018 Sufeto-Janar Ibrahim Idris ya sa ta cikin makaman da ya umarci a tattara daga hannun jama'a.

Kashi na uku shi ne na bindigar toka, wadda ake ɗurawa ta baki, irin ta maharba da masu buga bindiga ran hawan salla. Al'amarinta na hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Wannan rabo ma ba sabo ba ne. Tun cikin 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Brussels cewa kada a sayar wa mutanen wani babban yanki na Afirka bindigogin zamani, sai dai irin ta ƙanƙara da albarushi. Dokar 1959 ta gaji wannan tsari, gwamnatocin da suka biyo baya kuwa ba wadda ta ga dalilin sassauta shi.

Hasali ma tsanantawa aka yi. Bayan yaƙin basasa ya ƙare cikin 1970, makamai suka bazu, fashi ya yi yawa, sai gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa dokar fashi da makami wadda ta tanadi hukuncin kisa. A ƙarƙashinta ne aka harbe Ishola Oyenusi a bakin teku a Ikko cikin 1971. Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta sabunta ta cikin 1984. Wanda aka kama da fistol ba lasisi, ko da bai taɓa harba ta ba, ko da kuwa tsoron ɓarayi ne ya sa ya saya, yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Harsashi ma sai da izini, sayarwa sai dillali mai rajista, ƙira kuwa sai da yardar hukuma. Maƙerin da ya haɗa wa mutum fistol a ɓoye ya jefa kansa da mai sayen cikin laifi guda, ban da cewa irin wannan ƙira takan fashe a hannun mai harbi.

Ko bindigar da doka ta yarda da ita, ba kowa ake ba ba. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin ta da hankali cikin shekaru 5 da suka wuce. Lasisin na mutum ɗaya ne, ba a aronsa, ba a kuma gadonsa kamar gona. Bugu da ƙari, cikin watan Agusta na 2023 Sufeto-Janar Kayode Egbetokun ya ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasisi, yana mai cewa makaman da ke hannun jama'a sun riga sun yi yawa. Duk mai niyya, abin da ya kamace shi da farko shi ne ya je hedkwatar 'yan sanda ta jiha ya ji inda maganar ta kwana, kada ya saurari dillalan bayan fage masu cewa za su samo masa takarda.

Ba za a ce masu neman a sassauta ba su da hujja ba. Janar T. Y. Ɗanjuma ya yi kira a Jalingo cikin watan Maris na 2018 cewa jama'a su tashi su kare kansu. Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya faɗi irin wannan cikin 2021, gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara kuma ta ce wa mutanenta cikin watan Yuni na 2022 su nemi lasisi, har Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Hujjarsu ita ce ɗan fashi ba ya neman lasisi, mai bin doka kaɗai dokar ta ɗaure wa hannu. Wannan magana tana da nauyi, musamman ga mutumin ƙauyen da caji ofis ya yi masa nisa.

Sai dai mutanen Lafiya sun ga ɗaya fuskar abin da idonsu. Ran 7 ga watan Mayu na 2013, a ƙauyen Alakyo da ke kusa da gari, 'yan ƙungiyar Ombatse suka yi wa ayarin jami'an tsaro kwanton ɓauna, suka kashe 'yan sanda da jami'an farin kaya fiye da 60 a dare ɗaya. Makamin da ya shiga hannun jama'a da sunan tsaron kai ba ya tambayar wanda aka auna shi gare shi. Cibiyar binciken ƙananan makamai ta Geneva ta ƙiyasta cewa cikin 2017 akwai bindigogi wajen miliyan 6 a hannun farar hula a Nijeriya, yawancinsu ba rajista, amma wannan yawa bai sa an yi barci da ido biyu rufe ba.

Akwai kuma abin da masu sha'awar fistol ba su cika lissafawa ba. Bakinta gajere ne, saboda haka saiti da ita yana da wuya, in ba a kusa ƙwarai ba, kuma sai wanda ya daɗe yana gwaji. Masu satar mutane kuwa ba ɗai-ɗai suke zuwa ba, kuma bindigar AK-47 da suke riƙewa tana ɗaukar harsashi 30, tana kuma kai wa mita ɗari uku. Magidancin da ya farka cikin duhu, hannu na rawa, iyali na kururuwa, harbinsa na farko ya nuna musu ɗakin da yake ke nan.

Sauran kwanakin shekara kuma, waɗanda ɓarawo bai zo ba, bindigar tana nan cikin gida tare da yara masu binciken ƙarƙashin katifa, da samari masu zafin kai, da saɓanin da ba a rasawa tsakanin miji da mata ko 'yan'uwa kan gado. Wani bincike da likita Arthur Kellermann da abokan aikinsa suka buga a Amurka cikin 1993 ya nuna cewa gidan da ke da bindiga ya fi wanda ba shi da ita haɗarin a yi kisa a cikinsa har kusan ninki uku, kuma galibi ɗan gida ne ko wani na kusa ke yin kisan. Shi ya sa maharban da suka san aikinsu ba sa rataye bindiga a ɗure, kuma inda bindiga take daban, inda albarushi yake daban, kowanne a kulle.

Ko mai lasisi ma bai sami izinin harbi yadda ya ga dama ba. Sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 da dokar Finakod ta jihohin Arewa sun amince da kare kai da dukiya, amma da sharaɗin kada a wuce gwargwadon abin da ya wajaba, kuma ba a fakewa da kare kai idan akwai sukunin neman taimakon hukuma. Wanda ya bi ɓarawon akuya da gudu ya harbe shi a baya, alƙali zai tambaye shi wane haɗari ne ya rage a kansa a lokacin da ya taɓa kunamar bindiga.