Abin Da Ya Kamata Mai Sayen Kyamara Ya Sani Kafin Ya Zuba Albashinsa

Tun da wayar hannu ta saba wa jama'a da ɗaukar hoto, ma'aikata da ɗalibai da dama sun shiga sha'awar mallakar kyamara ta sosai, ba don sana'a ba, sai don adana hotunan iyali da na bukukuwa da hawan salla. To, amma sabuwar kyamara tana iya cinye albashin watanni na ƙaramin ma'aikaci, kuma sau da yawa mai saye yakan zuba kuɗinsa duka a kan gangar jikinta, sa'an nan ya tarar hotunansa ba su fi na wayarsa ba. Dalili kuwa shi ne, abin da ke fid da hoto mai kyau ba shi ne abin da 'yan kasuwa suka fi tallatawa ba.

Kyamarar dijital, watau wadda ba ta bukatar fim, wani injiniya na kamfanin Kodak da ke Amurka mai suna Steven Sasson ne ya fara haɗa ta cikin 1975. Nauyinta ya haura kilo 3, tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta ajiye hoto guda a kan kaset, hoton kuma ɗigo 10,000 ne kacal. Daga wannan lissafin ɗigo aka samo megafiksel, wanda ke nufin ɗigo miliyan ɗaya, kuma shi ne lambar da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali.

Megafiksel da sensa

Lissafin megafiksel ba shi da wuya. Hoton da za a wanke mai inci 8 da inci 12, a kan ɗigo 300 kowane inci, yana bukatar megafiksel 9 ne, har da 'yar rara. Saboda haka kyamara mai megafiksel 18 ko 24 ta wadatar da duk wanda ba allon talla zai buga ba, kuɗin da zai ƙara don neman 45 kuwa ya fi amfani a wani wurin.

Abin da ya fi cancanta a tambaya shi ne girman sensa, watau ɗan faifan da ke karɓar haske a gurbin fim. Mafi girma cikin waɗanda aka saba gani milimita 36 ne da 24, daidai da tsohon fim. Mai bi masa, wanda ake kira APS-C, wajen milimita 23 ne da 15, alhali kuwa na yawancin wayoyi bai wuce farcen ƙaramin yatsa ba. Babban sensa ya fi tara haske, shi ya sa hoton kyamara ke fita garau da magariba, a lokacin da na waya ke dagulewa. Ga mai koyo, APS-C ya isa, ga shi da sauƙin kuɗi da sauƙin ɗauka.

Gilashi shi ne idon kyamara

Galibi ana haɗo kyamara da gilashi mai lamba 18-55. Ba laifi gare shi da rana, amma idan aka zuƙo da shi ƙofar haskensa takan tsuke zuwa f/5.6. Gilashin da ba ya zuƙowa, mai milimita 50 da ƙofa f/1.8, yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan, kuma yana cikin mafi araha a wurin Canon da Nikon. Da shi ake ɗaukar jariri ranar suna a cikin ɗaki ba tare da an haska masa fitila a ido ba, shi ne kuma ke fito da fuska sarai, ya dusashe abin da ke bayanta. Idan ɗakin ƙarami ne, mai milimita 35 ya fi dacewa, domin ya fi kwaso fili.

Sai dai akwai tarko guda. Ƙananan kyamarorin Nikon na jerin D3000 da D5000 ba su da injin saita gilashi a jikinsu, don haka tsohon gilashi mai alamar AF-D ba zai saita kansa a kansu ba. Wanda ke da alamar AF-S shi ne ke aiki. Lalle ne mai saye ya ɗaura gilashin ya gwada kafin ya miƙa kuɗi.

Sabuwa ko ta hannu

Cikin 2008 kamfanin Panasonic ya fito da kyamara marar madubi, Sony ya ƙarfafa ta cikin 2013, Canon da Nikon kuma suka rungume ta sosai cikin 2018. Wannan ya sa ƙwararru da yawa suka sayar da tsofaffin kyamarorinsu masu madubi, waɗanda ake kira DSLR, farashin na hannu ya sauko. Faɗuwar wani tashin wani. Marar madubi ta fi sauƙin nauyi, ta fi gane fuska da ido, amma tana shan batir. Nikon D3500, mai madubi, wadda ta fito cikin 2018, an auna tana ɗaukar hoto 1,550 da caji ɗaya, ƙananan marasa madubi kuwa yawanci ba su wuce ɗari uku da 'yan kai ba. A ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Wanda ya zaɓi ta hannu sai ya bincika sau nawa labulenta ya buɗe ya rufe, domin ƙananan kyamarori galibi an gwada su ne zuwa sau 100,000. Ya ɗauki hoton farar takarda ya duba ko akwai tabo a kan sensa, ya kuma haska tocila cikin gilashi, in ya ga wani zare kamar saƙar gizo, to, fumfuna ce, sai ya haƙura.

Amfani da kulawa

Kyamara ba ta aiki sai an koye ta. A hawan salla na Kano, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya a 2024, wanda ya bar kyamara ta zaɓa masa komai yakan samu dawakin jafi sun zama inuwa. Saurin labule na kashi ɗaya bisa 1,000 na daƙiƙa shi ne ke tsayar da doki yana sukuwa. Hoton mutum kuwa ya fi kyau da sanyin safiya ko bayan la'asar, domin ranar tsaka tana jefa duhu a ƙarƙashin ido da hula. Haka kuma mutunci ya ce a nemi izini kafin a ɗauki kowa, musamman mata da yara, a kuma nisanci wuraren tsaro.

Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar sensa. Bai kamata a sauya gilashi a fili ba, in kuwa ya zama tilas, sai a kashe kyamara, a juya bakinta ƙasa. Ba a goge gilashi da bakin riga, sai da ɗan famfon roba mai hura iska da ƙyalle mai laushi. Da damina kuma laima ce ke haifar da fumfuna, saboda haka a ajiye kayan cikin akwati mai rufuwa sosai tare da 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu a kwalin takalmi. Kada kuma a bar kyamara cikin motar da ke ajiye a rana.

Daga ƙarshe akwai maganar ajiya. Hoton da aka wanke a zamanin fim yana nan cikin albam har yanzu, amma katin memori kan lalace dare ɗaya, ga kuma jabunsa a kasuwa. Duk hoton da ke wuri ɗaya tak yana cikin haɗari. A kwafe shi cikin kwamfuta, a sake kwafewa a wata ma'ajiya dabam, mafi kyawunsu kuma a kai su a wanke. Ma'aikacin da ya sayi kyamara ta hannu mai lafiya, ya ƙara da gilashi guda mai kyau da batir na biyu da katin gaske, ya fi wanda ya ci bashi don sabuwa cin riba, kuma hotunan da zai bar wa 'ya'yansa su ne shaida.