Gwajin Jini da Makomar Masu Sankarar Ciki Bayan Tiyata

Sankarar ciki tana kama mutane kusan miliyan ɗaya a duniya kowace shekara, kuma tiyata ce babbar hanyar warkewa ga wanda cutar ba ta yi masa nisa ba. Yanzu likitocin fiɗa sun ƙara dogara ga wasu sinadarai da ƙarin sankarar ke zubawa cikin jini, domin su hango yadda majinyaci zai kasance bayan an yanke ƙarin. Mafi shahara shi ne CEA, wanda Phil Gold da Samuel Freedman suka gano a Montreal ta Kanada a 1965. Sai CA 19-9 da aka gano a 1979, da CA 72-4.

Dalilin wannan dogaro ba ɓoyayye ba ne. Ɗibar jini ba ta da tsada kamar hoton CT, kuma ana iya maimaita ta kowane 'yan watanni. Haka nan hoto yakan kasa nuna ƙananan ƙwayoyin da suka riga suka bazu zuwa kaluluwa ko hanta. Tun da binciken MAGIC na Birtaniya a 2006 ya nuna amfanin ba da maganin sankara na kemo kafin tiyata da bayanta, likita yana neman duk wata alama da za ta nuna wanda ya fi buƙatar magani mai ƙarfi da sa ido sosai.

Abin da asibitoci suka lura da shi a Japan da Koriya ta Kudu da Sin, inda cutar ta fi yawa, yana da ƙarfi. Majinyacin da CEA ɗinsa ya haura nanogiram 5 a kowace mililita ta jini, ko CA 19-9 ya wuce 37 kafin tiyata, galibi cutarsa ta fi zurfi, kuma ta fi saurin dawowa. Idan ma'aunin bai sauko ba bayan an cire ƙarin, alama ce cewa wani abu ya rage a jiki. Idan kuwa ya sauko sannan ya sake hawa, sau da yawa shi ne ke fara ba da labarin dawowar cutar kafin hoto ya nuna.

Sai dai gwajin kamar hadari ne: ba kowane hadari ke zubar da ruwa ba, kuma ruwa kan zo ba tare da hadari mai duhu ba. Mai shan taba sigari yana iya samun CEA mai yawa alhali ba shi da sankara. Toshewar hanyar matsarmama da ciwon shawara suna ɗaga CA 19-9. Wasu mutane kuma, kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100, jikinsu ba ya samar da CA 19-9 sam saboda gadon jini. Mafi haɗari shi ne a farkon cutar, lokacin da tiyata ta fi amfani, yawancin majinyata gwajinsu lafiya kalau yake fitowa.

Shi ya sa Koriya ta Kudu ba ta gina nasararta a kan jini ba. Tun 1999 take da shirin binciken ciki ga 'yan shekara 40 zuwa sama duk bayan shekara biyu, musamman ta zura kyamara ta baki. A can fiye da kashi 60 cikin 100 na majinyata suna rayuwa shekara biyar bayan gano cutar, a Amurka kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku ne.

Gwajin jini yana taimaka wa likita wajen bibiyar wanda aka riga aka tabbatar yana da cutar. Makoma kuwa tana rataye ne a kan matakin da aka kama ta. Saboda haka wanda ya daɗe yana shan maganin olsa ba sauƙi, yana rama, yana amai ko kashinsa ya yi baƙi, kada ya tsaya ga sakamakon jini. Ya nemi likita ya leƙa cikinsa da kyamara.