Kada A Yar Da Batir Sai An Duba Abu Uku

A ƙasar Gwarzo da Kabo, daga Getso har Garo, batir ya zama kayan aiki kamar fartanya. Shi ke ta da mota, shi ke ajiye wutar sola don fitila da cajin waya. Sau da yawa mukan ji an ce batir ya mutu, alhali kuwa suma ya yi. Sabo kuma sai an taɓa rumbu kafin a saye shi.

Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙago irin wannan batir a 1859. Har yau asalinsa ɗaya ne: farantan dalma cikin ruwan asid. Batir mai volt 12 ɗaki 6 ne a cikinsa, kowane ɗaki volt 2. Ga abin da muke so ku duba, 'yan'uwa.

Na fari, kawunan batir. In kun ga wani gari fari ko kore ya taru a kansu, shi ke tare wuta. Ku cire wayoyin, ku wanke da ruwan kanwa, amma kada ya shiga ciki. In ya bushe a shafa giris, a ɗaure tam.

Na biyu, ruwa. Zafin bazara yakan shanye shi. Idan batirin mai murfi ne, ku buɗe ku leƙa. Dole ruwa ya rufe farantan. In ya ragu, a ƙara tataccen ruwan batir. Kada a zuba ruwan rijiya, gishirin da ke ciki yana lalata faranti. Kada kuma a ƙara asid, gama ruwa ne ya tafi, asid yana nan.

Na uku, caji. Batir mai ƙoshi yana nuna volt 12.6 a ma'auni. In aka bar shi da yunwa makonni, wani farin ɓawo yakan daskare a farantan. Caji a hankali, kwana ɗaya ko biyu, yakan farfaɗo da shi in ɓawon bai tsufa ba. Amma in an gama caji ya tsaya wajen 10.5, ɗaki ɗaya ya mutu. Wannan ba shi da magani a gida.

Sai gargaɗi. Batir yana fid da iska mai kama wuta lokacin caji, saboda haka ban da taba ko aci-bal-bal kusa da shi. Kada kuma a fasa mataccen batir a narka dalmarsa a tsakar gida. A Thiaroye, kusa da Dakar, yara 18 sun rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda gubar dalmar batir. A kai shi wurin masu saye yadda yake, ba a fasa ba.

Abin da Allah ya ba mu amana ne. Mu riƙe shi da kyau.