Me ya sa gilashin agogo mai tsada ya fi ɗaukar ido a rana?

Da yawa daga cikin masu sayen agogon hannu, ko na zamani mai haɗuwa da waya ko mai allura, sukan nemi wanda gilashinsa na saffaya ne, don an ce ba ya karcewa. Hakan gaskiya ne. Abin da masu talla ba su cika faɗa ba shi ne wannan gilashi ya fi sauran dawo da haske, har da tsakar rana mutum ya duba lokaci ya ga sama ko fuskarsa maimakon lambobi.

Duk lokacin da haske ya fito daga iska ya shiga gilashi, wani kaso nasa yana komowa baya. Gilashin da aka saba da shi, da robar nan mai kama da gilashi da ake kira akirilik, suna dawo da kusan kashi 4 cikin 100 a kowace fuska. Saffaya kuwa tana dawo da kusan kashi 8. Gilashin agogo mai allura fuska biyu gare shi, ta waje da ta ciki, don haka idan na saffaya ne ana maganar kusan kashi 14 na haske da ke komowa ido. Idan kuma gilashin mai doro ne, yakan kwaso hoton fitilu da tagogi ta kowane gefe. Agogo mai baƙar fuska ya fi shan wannan wahala, domin ɗan hasken da fuskar ke bayarwa ba ya iya rinjayar ƙyallin.

Maganin da kamfanoni ke amfani da shi wani shafe ne siriri mai hana ƙyalli, irin wanda Alexander Smakula ya ƙirƙiro a kamfanin Carl Zeiss na ƙasar Jamus a shekarar 1935. Kaurinsa bai kai kashi 1 cikin 100 na silin gashi ba. An auna shi ne yadda hasken da ya komo daga saman shafen da wanda ya komo daga ƙasansa za su haɗu su kashe juna, sai ƙyallin ya ragu zuwa kusan kashi 1 ko ƙasa da haka. Shuɗin nan ko shunayya da ake gani idan an karkata agogo, ko tabarau, ko idon kyamarar waya, alamar shafen ce.

Sai dai shafen bai kai saffaya tauri ba. Kamfani irin Breitling yana shafa shi ciki da waje, agogon ya fito tamkar babu gilashi a kansa, amma na wajen yana iya karcewa, kuma karcen yana fitowa ɓaro-ɓaro. Wasu kamfanonin kuwa ciki kawai suke shafawa: ƙyalli ya ragu da kusan rabi, fuskar waje ta tsira. Ga mai yawo a kan babur ko mai aiki cikin ƙura, wannan na biyun ya fi dacewa. Ƙurar hunturu tana ɗauke da ɓurɓushin yashi da taurinsa ya kai 7 a ma'aunin Mohs. Ba zai iya da saffaya mai 9 ba, amma zai ci shafen idan aka goge agogo da gefen riga a bushe. Gara a hure ƙurar tukuna, a goge da tsumman tabarau mai ɗan danshi.

Agogon zamani kuwa da ƙarfin hasken allo yake yaƙar rana. Apple Watch Ultra na 2022 yana kai nit 2,000, Ultra 2 na 2023 yana kai 3,000, amma batiri ne ke biyan kuɗin. Garmin Instinct na farko ya bi wata hanyar: allonsa da hasken ranar yake amfani, iya ƙarfin rana iya fitowar rubutu. Ledar kariya marar sheƙi tana rage ƙyalli, sai dai tana dusashe ƙananan rubutu, kuma a kan ɗan ƙaramin allo wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Masu sayar da agogo a WhatsApp da Instagram su ne suka fi kokawa, don hoton wayar kanta ne ke fitowa a gilashin. Abu na farko, a kashe filashi. A ajiye agogon kusa da taga mai farin labule, haske ya zo masa ta gefe. A ja baya kaɗan a jawo hoton ninki 2, sai hoton wayar ya ƙanƙance idan gilashin mai doro ne. Idan har yanzu ana ganinta, a samu baƙin kwali a huda shi daidai idon kyamara a ɗauka ta ramin. Gilashin zai dawo da baƙi ne kawai, kuma baƙi ba ya rufe lambobi. Akwai kuma matatar haske ta CPL da ake maƙala wa waya, wadda ake juyawa har ƙyallin ya ɓace. Tana aiki ne idan an ɗauki agogon a karkace, wajen digiri 55 zuwa 60 daga saitin fuskarsa, ba kai tsaye ba. A agogon zamani kuma tana iya duhunta allon kansa, sai an sake juya ta kaɗan.