Yadda Ake Zaɓen Batirin Inbata da Adana Shi

Garin Mubi, a Jihar Adamawa, yana samun wutar lantarki ne daga Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki na Yola. Kamar a sauran sassan Nijeriya, akan ɗauke wuta lokaci zuwa lokaci. Wannan ne ya sa wasu magidanta da masu shaguna a unguwanni irin su Nassarawo suke sayen inbata. Inbata na'ura ce da take juya wutar da ke cikin batir zuwa irin wutar da kayan gida suke amfani da ita. Ita kanta ba ta ajiye wuta. Batir ne rumbun, saboda haka shi ya fi bukatar kulawa.

Batura iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Na farko shi ne batirin dalma, wanda wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859. Yana da sauƙin kuɗi, amma yana da nauyi. Wani ana ƙara masa tataccen ruwa, wani kuma a rufe yake. Na biyu shi ne batirin litiyam. Ya fi tsada, amma ya fi ƙarko.

Kafin mutum ya je kasuwa, ya kamata ya yi lissafi. A ce wani gida yana da ƙwan lantarki 4 masu wat 10 kowanne, da fanka 2 masu wat 60 kowace, da talabijin mai wat 40. Jimilla wat 200 ke nan. Idan za a kunna su na awa 6, ana bukatar 200 sau 6, wato 1,200. Batirin da aka rubuta wa bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da 12 sau 200, wato 2,400. Sai dai ba a so a sha fiye da rabin cajin batirin dalma, domin yin haka kullum yana rage masa kwana. Rabin 2,400 shi ne 1,200, kuma inbata tana cin wani abu daga ciki. Ke nan batir ɗaya ba zai ishi gidan ba. Ko a ƙara, ko a rage kaya. A guji haɗa tsohon batir da sabo, domin tsohon yakan raunana sabon. A kuma yi hattara da batir na hannu. Hausawa sun ce, araha ba ta ado.

Bayan an saya, sai maganar inda za a ajiye shi. Babban abokin gabar batir shi ne zafi. Batirin dalma ya fi son wajen digiri 25, kuma ƙarin digiri 10 a kan haka yana iya raba rayuwarsa biyu. A Mubi kuwa, zafin watannin Maris da Afrilu ya wuce haka nesa. Don haka a nema masa wuri mai inuwa, nesa da zafin rufin kwano.

Dole ne kuma iska ta riƙa shiga tana fita. Lokacin caji, batirin dalma yana fitar da iskar haidurojin. Ba ta da launi, ba ta da wari, amma idan ta taru a rufaffen ɗaki, tartsatsi kaɗan zai iya sa ta fashe. Kada a ajiye batir a ɗakin kwana, ko kusa da murhu, tukunyar gas ko jarkar fetur. A ɗora shi a kan benci mai ƙarfi saboda ruwan damina, inda hannun yara ba zai kai ba. Idan ruwan batir ya taɓa fata, a wanke da ruwa mai yawa nan take.

A ƙarshe, mataccen batir ba abin wasa ba ne. Dalma guba ce. A 2010, gubar dalma daga wuraren haƙar zinare ta kashe ɗaruruwan yara a Jihar Zamfara. Kada a fasa tsohon batir a gida. A mayar wa dillali.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin inbata?
2. Me ya sa ba a so a shanye cajin batirin dalma?
3. Kawo wurare uku da bai kamata a ajiye batir ba.
4. Yi bayanin karin maganar da ta zo a cikin wannan darasi.